Fagin da Sauran Ɓarayin da Suka Shiga Ƙamus

A cikin ƙamus ɗin Ingilishi akwai wasu kalmomi da asalinsu sunayen mutane ne, mutanen kuwa babu uwar da ta haife su. Marubuci ne ya zauna ya ƙago su, ya raɗa musu suna, ya ba kowanne halinsa. Da littafin ya karɓu sai jama'a suka ɗauke sunan suka riƙa liƙa wa duk wanda suka ga yana da irin wannan hali, har aka wayi gari wanda bai taɓa buɗe littafin ba ma yana amfani da shi. A nan ne babban harafin farko yakan faɗi, suna ya koma kalma kamar sauran kalmomi. Marowaci ya zama scrooge, mai ba da bashi da ruwa mai tsanani ya zama shylock, saurayin da soyayya ta ɗauke wa hankali ya zama romeo.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna ajin lise ya san harpagon, marowacin da Molière ya fito da shi a 1668, ya kuma san tartuffe, munafukin da ke fakewa da ibada. Wadda ta fi ba ni mamaki ranar da na fara jin labarinta, ina makarantar horar da malamai, ita ce renard. Dabbar nan mai kama da dila, a tsohon Faransanci goupil ake ce mata. Renart sunan wani goupil ne guda ɗaya a cikin tatsuniyoyin da aka rubuta a ƙarni na 12 da na 13, maƙaryaci, ɓarawon kaji, wanda kullum yake yaudarar kyarkeci. Labarinsa ya bazu har sunansa ya kori kalmar asali daga bakin mutane. Wato duk yaron da muka koya wa renard a firamare, sunan wani ɓarawon tatsuniya muka koya masa.

Na fi shekara 15 ina koyar da Ingilishi a kwaleji, kuma abin da na lura da shi shi ne, cikin masu irin wannan sa'a ta shiga ƙamus, ɓarayi sun samu rabo babba. Akwai ɓarawon talakawa, akwai na masu kuɗi, akwai wanda ake yi wa waƙa. Amma wanda nake so malamai ƴan'uwana da iyayen yara su sani, ko da ba za su taɓa yin magana da Ingilishi ba, shi ne Fagin.

Charles Dickens yana da shekara 25 ya fara fitar da littafinsa Oliver Twist kashi-kashi a wata mujalla ta Landan, daga 1837 zuwa 1839. Oliver maraya ne, an haife shi a gidan gajiyayyu, irin gidajen da dokar talakawa ta 1834 ta yawaita a Ingila, inda ake tara marasa galihu a ba su aiki mai yawa da abinci kaɗan, da gangan, don kada wani ya yi sha'awar shiga. Laifin da ya fara yi a duniya shi ne ya miƙa kwanonsa ya nemi ƙarin kunu. Aka miƙa shi ga wani mai yin akwatin gawa ya koyi sana'a, aka ci zalinsa a can, ya gudu. Kwana bakwai yana tafiya a ƙasa, fiye da kilomita 100, kafin ya iso wani gari da ake kira Barnet a bakin Landan, ƙafafu sun fashe, ciki babu komai. A nan wani yaro sa'ansa ya tsince shi. Sunan yaron Jack Dawkins, amma abokansa Artful Dodger suke ce masa, wato gwanin zillewa. Ya saya masa abinci, ya ce ya san wani dattijo a birni da ke ba yara wurin kwana ba ko sisi.

Dattijon shi ne Fagin. Ranar da Oliver ya shiga ɗakinsa ya tarar da shi yana suyar nama a kan wuta, yara huɗu ko biyar suna zagaye da tebur suna shan taba kamar manya, ga hankici na siliki birjik an shanya. Aka yi masa maraba, aka ba shi ya ci ya ƙoshi, aka nuna masa wurin kwanciya. Tun da aka haife shi ba a taɓa karɓarsa haka ba.

Da gari ya waye, bayan an karya, sai aka fara wasa. Fagin ya zuba agogo da ƴar batta da jakar kuɗi da hankici a aljihunansa, ya ɗauki sanda, ya riƙa kai da kawowa cikin ɗaki yana kwaikwayon tsohon attajiri mai yawon kallon kantuna, yana waige-waige yana shafa aljihu. Yara biyu suna biye da shi, ɗaya ya taka masa ƙafa, ɗaya ya bangaje shi, kafin ƙiftawar ido sun kwashe komai. In ya ji hannu a jikinsa sai ya yi kuwwa, a sake daga farko. Oliver ya yi dariya har da hawaye. Daga baya aka ce shi ma ya gwada, ya zare hankici ba tare da tsohon ya ji ba, aka shafa kansa, aka yabe shi, aka ba shi sule guda. Aikin da aka fara sa shi a gida shi ne tsefe haruffan sunan masu hankicin da aka ɗinka a jiki, shi kuwa bai san dalili ba. Bai gane abin da ake koya masa ba sai ranar da aka fita da shi, ya ga da idonsa Dodger ya zura hannu a aljihun wani dattijo da ke karatu a bakin rumfar littattafai. Tsoro ya kama shi, ya ruga. Jama'a suka bi shi da ihun ɓarawo, ɓarayin gaskiyar su biyu kuma suka shiga cikin masu korar, suna ihu tare da kowa. Shi aka buge aka kai gaban alƙali.

Daga wannan tsoho aka samu kalmar fagin: babba mai tara yara, ya koya musu sata, ya karɓi abin da suka sato, shi yana zaune a inuwa.

Hausa ba ta rasa kalmomin sata ba. Muna da ɗan sane, muna da ɗan fashi, muna cewa wane ɓera ne, ko mu sakaya mu ce yana da ɗan hali, ko yaron nan ya fara ɗauke-ɗauke. Muna kuma da wadda ta fi kusa da Fagin, wato ɓarawon zaune, mai sayen kayan da ya san ba na halal ba ne. Sai dai ɓarawon zaune jira yake a kawo masa. Fagin ya ɗara shi da abu guda, shi yake renon mai kawowar. Kuma abin da ke damuna a matsayina na malami, duk lokacin da na sake karanta wannan babi, shi ne yadda tsohon ya iya koyarwa. Ya fara da abin da yaro yake buƙata, ci da wurin kwana. Ya shigar da darasi cikin wasa. Ya sa manyan ɗalibai su nuna wa sabo. Ya tafi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya yaba nan take, ya ba da lada nan take. Duk abin da aka koya mana a darasin dabarun koyarwa, ga shi nan a ɗakin ɓarawo, babu wanda ya tsallake. Yaron da a gida ba ya jin komai sai tsawa, a aji mai ɗalibai tamanin malami bai ma riƙe sunansa ba, in ya samu wani a bakin tasha da zai ce masa kai jarumi ne, ya miƙa masa dala ashirin ya ce je ka ci tuwo, to kada mu yi mamakin inda zuciyarsa za ta karkata.

Shekarun baya, a wani kwalejin da na koyar, an kama wani yaro ɗan ajin farko, shekararsa 13, ya ɗauke salular wani ɗan kasuwa. Da aka matsa masa ya ce ya riga ya sayar, jika biyu, ga wani mai rumfa a kusa da tasha, alhali wayar ta fi jika ashirin. An zane yaron a gida, an kuma tsayar da shi a gindin tuta gaban makaranta duka aka faɗi abin da ya yi. Kafin a tashi ran nan ƴan ajinsu sun sa masa suna Salula. Sati biyu ya daure yana zuwa, daga nan ya daina. Sau biyu ina zuwa gidansu, ya ce mini in ma ya dawo ba shi da fuskar zama. Shi kuwa mai rumfa ya mayar da wayar, ya ce bai san ta sata ba ce, dattawan unguwa suka shiga tsakani, magana ta mutu. Daga baya ne ya fito fili cewa wannan yaro ba shi ne na farko da ya kai masa kaya ba, kuma yaran sun san irin abin da yake so a kawo. Yau yaron magidanci ne, yana kabu-kabu, yana da ƴaƴa, bai sake shiga irin wannan magana ba. Abokan aikinsa har yanzu Salula suke kiransa, yawancinsu ba su ma san mafarin sunan ba. Mai rumfa kuma ana nan ana gaishe shi da sunansa na mutunci.

Abin da ya sa nake ganin amfanin kalmar fagin ke nan. Tana ɗauke ido daga hannun yaro ta kai shi kan babban da ke bayansa. Yaro ɗan shekara 13 ba ya cin salula, ba ya cin tagullar waya ko murfin rijiya ko batirin fitilar hasken rana. Duk abin da ya ɗauka da ba na sawa a baki ba, akwai wanda zai karɓa ya ba shi kuɗi. In an kawo mini ƙarar ɗalibi, tambayar da nake fara yi ita ce wa ya saya, kuma sau nawa.

Amma kalmar da ta yi wannan aiki mai kyau ita ma da haƙƙin wani a wuyanta. Dickens bai ƙagi sunan Fagin ba, aro ya yi. A 1824, yana da shekara 12, aka ɗaure mahaifinsa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka kai shi wata masana'antar man goge takalmi a bakin kogin Thames, yana rufe kwalabe yana liƙa musu takarda, sule shida a mako. A can akwai wani yaro da ya ɗan girme shi, sunansa Bob Fagin. Shi ya koya masa yadda ake ɗaure zaren. Shi ya hana sauran yara tsokanarsa. Ranar da ciwon gefen ciki ya kayar da Dickens a wurin aiki, Bob ne ya riƙa cika kwalaben da ruwan zafi yana gasa masa har ya lafa, da yamma kuma ya nace sai ya raka shi gida. Dickens yana jin kunyar a san ubansa na kurkuku, sai ya tsaya a ƙofar wani gida da ba nasu ba ya yi kamar nan ne, har Bob ya juya. Shi da kansa ya rubuta wannan labari, amininsa John Forster ya buga shi bayan rasuwarsa. To wannan yaro mai kirki ne aka ɗauki sunansa aka ba mugun tsoho, sunan kuma ya shiga ƙamus da ma'anar mai lalata ƴaƴan mutane. Masu nazari sun yi ta kawo dalilai, wasu suka ce Dickens ya tsani duk abin da ke tuna masa da wancan zamani, har da alherin da aka yi masa a ciki. Ko ma mene ne dalilin, ni dai ban ga adalci a ciki ba.

Akwai haƙƙi na biyu, wanda ya fi wannan faɗi. Dickens ya mai da Fagin Bayahude, kuma fiye da sau 200 a cikin littafin ba ya kiransa da sunansa, sai dai ya ce Bayahuden. Da yawa suna ganin ya ɗauki wani abu daga Ikey Solomon, wani sanannen ɓarawon zaune na Landan da aka yi wa shari'a a 1830. Amma mai karatu da ya ga ana maimaita ƙabilar mutum a madadin sunansa, shafi bayan shafi, ba mutum ɗaya zai tsana ba. A 1863 wata Bayahudiya mai suna Eliza Davis, wadda mijinta ya sayi gidan da Dickens ya tashi daga ciki, ta rubuta masa wasiƙa ta ce ya zalunci jama'arta. Da farko ya kare kansa. Daga baya ya sa wani Bayahude mutumin kirki, Riah, a littafinsa Our Mutual Friend, kuma a bugun 1867 na Oliver Twist ya goge kalmar a wurare da dama ya mayar da sunan Fagin. Gyaran ya zo bayan shekara kusan talatin, littafin ya riga ya zaga duniya.

Haka shylock take, har ta fi. Shakespeare ya rubuta wasan da Shylock yake ciki wajen 1596, lokacin da aka yi shekara 300 da korar Yahudawa daga Ingila, tun 1290. Shylock mai ba da rance ne da ya sa sharaɗin yankar tsokar jikin wanda ya ci bashinsa in ya kasa biya. A cikin wasan an nuna yadda ake tofa masa yawu a kasuwa ana kiransa kare, an nuna ƴarsa ta gudu da dukiyarsa. Kalmar ba ta ɗauko ko ɗaya daga cikin wannan ba, tsokar kawai ta riƙe. Ɗalibanmu suna cin karo da ita a jaridun Najeriya da suke karantawa a waya, inda ake kiran masu gidajen haya masu tsawwalawa da wannan suna, ba tare da an nufi wata ƙabila ba. Nakan gaya musu su san ma'anarta don su gane in sun gani, amma kada su ɗauke ta su yi amfani da ita, domin a Ingila da Amurka zagi ce ga al'umma guda. Mu ma mun san irin wannan a gida, yadda akan ɗauki laifin mutum ɗaya a rataya wa garinsu ko ƙabilarsa duka, a mai da shi abin barkwanci, yara su taso su tarar.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Abin da waɗannan kalmomi suka nuna mini shi ne linzamin yakan kama mutum a ranarsa mafi muni ya tsayar da shi a nan. Ku dubi Scrooge. Dickens ya fito da shi a 1843, attajiri mai maƙo da ke barin akawunsa cikin sanyi don kada a ƙona gawayi. Amma ai labarin gaba ɗaya na tubarsa ne. A dare ɗaya aka nuna masa yarintarsa da halin da yake ciki da kabarin da ba mai kuka a kansa, ya farka ya canza, ya aika wa iyalin akawun da ƙaton talo-talo, ya ƙara masa albashi, ya ƙare rayuwarsa yana mai kyauta. Yau fiye da shekara 180, in Bature ya ce maka scrooge, marowaci yake nufi. Tubar ta tsaya a cikin littafi.

Ali Baba kuwa nasa ya fi ban dariya, in da abin dariya ne. Mun san shi tun muna yara. Bafaranshen nan Antoine Galland ne ya shigar da labarinsa cikin fassarar Dare Dubu da Ɗaya, bayan ya ji shi a 1709 daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab. Talaka ne mai saran itace da ya ga inda ɓarayi arba'in ke ɓoye dukiya. Ba ya cikinsu, nemansa ma suke su kashe, kuyangarsa ce ta hallaka su da tafasasshen mai. Gaskiya ne ya ɗebi zinariya a kogon, wannan sai malamai su yi mana fatawa. Amma a 2003, da aka shiga wawashe gine-ginen gwamnati a Bagadaza, sojojin Amurka da su kansu mutanen Iraƙi Ali Baba suka riƙa kiran duk mai wawaso. Ɓarayi arba'in ba a san sunan ko ɗaya ba, sai sunan wanda aka haɗa su da shi a taken labari ya ɗauki kayan.

Sai kuma ɓarayin da harshe ya yi wa gata. A 1898 E. W. Hornung, wanda ke auren ƙanwar Arthur Conan Doyle mai Sherlock Holmes, ya ƙago A. J. Raffles. Ɗan manyan makarantu ne, gwanin wasan kurket, yana zaune a unguwar masu hali a Landan. Ana gayyatarsa liyafa a gidajen sarauta, ya ci ya sha, dare ya yi ya kwashe sarƙoƙin matan gida. Conan Doyle da kansa bai ji daɗin a mai da mai laifi gwarzo ba, amma jama'a sun so shi, sunansa ya zama na duk ɓarawo mai tsabta da iya magana, wanda ba ya zubar da jini. Faransawa suka yi nasu a 1905, Arsène Lupin na Maurice Leblanc, wanda yaranmu suka sani ta fim ɗin da Omar Sy ya fito a ciki a 2021. In jaridar Ingila ta kira mutum Raffles, rabin maganar yabo ne. Abin da ya sata ya ninka na yaran Fagin sau dubu. Bambancin kawai shi ya san yadda ake riƙe cokali a teburin manya. Ba sai na faɗa wa mai karatu cewa mu ma muna da wannan ma'auni biyu ba: wanda ya ɗauki akuya sunansa ɓarawo, wanda ya cinye kuɗin gina aji uku sai a ce an samu matsala a tafiyar da aiki.

Robin Hood ya fi su duka tsufa. An ambaci waƙoƙinsa a wani rubutu na wajen 1377, kuma tun ƙarni na 13 akwai takardun kotu a Ingila da suka liƙa wa masu laifi suna irin nasa. A tsofaffin waƙoƙin ɗan fashin daji ne mai gaba da hakimi da manyan limaman coci. Maganar ƙwace wa mai kuɗi a ba talaka daga baya ta yi ƙarfi, ita ce kuma ta zama ma'anar sunan a yau, har ana kiran wani irin haraji da shi. Wannan kam nakan koyar da ita da taka-tsantsan. A ajina akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan bakin iyaka a jihar Maraɗi saboda masu satar shanu da mutane, kuma ba wanda zai gaya musu cewa ɗan fashin daji yana rabon alheri.

Shi ma Artful Dodger harshe ya yafe masa. Yau in an kira ɗan siyasa da wannan suna ana nufin gwanin kauce wa tambaya ne, akan faɗe shi da ɗan murmushi. An manta cewa a littafin yaro ne ƙarami sanye da rigar manya da ta kai masa har dugadugi, wanda bai san wata rayuwa ba sai wadda aka koya masa.

Saboda haka in irin wannan kalma ta faɗo cikin darasi, nakan ajiye alli in ba da labarin, ko da zai ci mini minti goma daga abin da aka tsara, ko da jarrabawar BEPC ba za ta tambaya ba. Yara suna riƙe kalma in sun san mai ita. Kuma nan da nan sukan gane abin, domin su ma sana'arsu ce. Duk ajin da na shiga akwai wanda ake ce wa Ibro saboda ban dariya, akwai wanda aka sa wa sunan mugun wani fim ɗin Indiya ko na Kano. Wasu sunayen wasa ne, mai shi ma yana jin daɗi. Wasu kuwa hukunci ne da babu ɗaukaka ƙara. Dokar ajina ita ce ba a kiran kowa da sunan laifinsa, kuma nakan roƙi iyaye su ma su kiyaye, domin sau da yawa daga gida sunan yake fitowa. Uwa ta ce ɓeran gidan nan cikin fushi, ƙanne su ɗauka, kafin sati ya zagayo unguwa ta ɗauka. A hukunta yaro a kan abin da ya yi, a sa shi ya mayar, ya ba da haƙuri, a kuma bi sawun wanda ya karɓa.

Wata ɗaliba ta taɓa tambayata yadda yaran Fagin suka ƙare. Shi tsohon an rataye shi. Dodger an kama shi da battar azurfa, aka yanke masa hukuncin kora zuwa ƙetaren teku har ƙarshen ransa, kamar yadda Ingila ke tura masu laifi Ostireliya a lokacin. Oliver ya tsira, amma ta hanyar da ba ta gamsar da ni ba, domin a ƙarshe sai aka gano ashe jinin masu hali ne, har da gadonsa, dattijon nan da aka yi wa sane a rumfar littattafai ya ɗauke shi ɗa. Kamar Dickens yana cewa asali ne ya kare shi. Yaran da nake koyarwa ba su da wata wasiyya da ke ɓoye tana jiransu.

Wanda ya fi kama da su shi ne yaro na biyu da ke tare da Dodger ranar da aka kama Oliver, Charley Bates, mai yawan dariya, ɗan sane cikakke. Da Bill Sikes, ɗan fashin ƙungiyar, ya kashe Nancy, yarinyar da ita ma Fagin ya rena cikin sata tun tana ƙarama, sai abin ya girgiza Charley. Ya fito fili ya yi wa Sikes tawaye, ya bar Landan. Ya sha wuya, ya yi barantaka a gona, ya yi yaron mai amalanke, a ƙarshe ya zama makiyayi mai dabbobinsa a yankin Northamptonshire. Dickens ya ba shi layuka kaɗan a babin ƙarshe. Ɗalibar ta ce to shi me sunansa yake nufi da Ingilishi. Muka buɗe ƙamus ɗin ajin, muka duba ƙarƙashin C, muka duba ƙarƙashin B, babu shi.